Ƙwan Zabin Malam Sagiru da Na Cinye

Kafin ƙarfe bakwai da rabi na kowace safiya za ka ji tarin tsohon babur ɗin Malam Sagiru a ƙofar ofishinmu da ke Rano. Daga Kibiya yake tasowa. Sai ya jingine babur a gindin dalbejiya, ya gaisa da maigadi har ya tambayi lafiyar awakinsa, sannan ya shigo da kununsa a kofin silba ya kunna kwamfuta. Ba saƙonni yake fara dubawa ba kamar sauranmu. Rajistar da na'ura ke rubuta wa kanta yake buɗewa, wadda ke nuna duk wanda ya nemi shiga rumbun bayananmu, da lokacin da ya nema, da ko an buɗe masa ko an hana shi. Layi-layi yake bin ta da ɗan yatsa yana kurɓar kunu, kamar mai karanta wasiƙar gida. Shekara goma sha ɗaya ke nan ina kallon ƙeyarsa daga teburina, kuma in faɗi gaskiya ban taɓa kallonta da zuciya ɗaya ba.

Wata ƙungiya mai zaman kanta muke yi wa aiki, mai tallafa wa ƙananan asibitocin karkara. Ma'aikatan lafiya a su Rurum da Yalwa da Zinyau suna shigar da sunan duk mai cikin da ta zo awo da duk yaron da aka yi wa rigakafi a kwamfutar hannu, su turo ta intanet. Bayanan su bi matakai har su isa rumbun, wanda ba a ofishinmu yake ba, yana kan wasu manyan kwamfutocin haya a wata ƙasa, abin da 'yan sana'armu ke kira gajimare. A nan ake ganin wanda ya yi aiki da inda za a kai magani. In haɗi ya tsinke a hanya, sai aikin mutum na wata guda ya zama kamar bai yi ba.

Ni ne shugaban sashen kwamfuta. Ni ke da digiri, ni ake kira Injiniya Nasir, ni ake turawa taro Kano. Malam Sagiru difloma ce da shi, ita ma ta tsufa. Amma ranar da bayanai suka tsaya, ko da ina tsaye a bakin ƙofa ne, sai a leƙa ta saman kafaɗata a ce ina Malam Sagiru. Wannan tambaya ta daɗe tana ci mini tuwo a ƙwarya.

Akwai lokacin da kwamfutar asibitin Yalwa ta ƙi haɗuwa da rumbun. Na gama bincikena na ce ta lalace, a nemo sabuwa. Shi kuwa ya ɗaga waya ya tambayi ma'aikacin wace rana take nunawa a samanta. Ashe batirinta ne ya mutu murus, kwanan watanta ya koma shekaru baya, rumbun kuma ba ya yarda da na'urar da ba ta san ranar da ake ciki ba. Cikin minti biyu aka gyara. Na gyaɗa kai na ce dama na yi tunanin haka. Ban yi ba.

Amma wanda ya sa na ɗauki alƙalami shi ne abin da ya faru a daminar bara. Mako biyar cur babu ko layi ɗaya da ya shigo daga Zinyau. Ma'aikaciyar wurin, Salamatu, ta yi ta rantsuwa a waya cewa tana turawa. Na duba kalmar sirrinta, daidai take. Na duba izininta, babu matsala. Na rubuta wa kamfanin da muke hayar kwamfutocinsa, suka ce komai lafiya. Duk sanda na gwada daga teburina, sai haɗi ya tafi sumul. Sai na yanke hukunci irin na mai zama a inuwa, na ce matar nan ba ta aiki, noma ya ɗauke mata hankali. Shugabar shirinmu, Hajiya Jumai, ta ce in rubuto, na kuwa rubuta takardar neman a sallami Salamatu a kawo wata. Saura sa hannu kawai.

Malam Sagiru ya roƙi Hajiya ta ba shi mako guda. Raina ya ɓaci, don a ganina ya zo ya gyara mini aiki ne a gaban mutane. Ya zauna ya kwafe lokacin kowane haɗi da ya gaza a littafinsa da hannu, yana matse ido, ina yi masa dariyar ƙeta a zuci. A kwana na biyu ya juyo ya ce duk gazawar a rana ɗaya take faɗowa cikin mako, ranar kasuwa, tsakanin azahar da la'asar. Na ce ai na'ura ba ta cin kasuwa. Da ranar ta zagayo ya hau babur ɗinsa ya tafi kasuwar.

Abin da ya tarar babu littafin da zai gaya maka shi. A ƙauyukan sabis ba shi da ƙarfi, wuta kuma babu. Don haka ma'aikatan suka mai da ranar kasuwa ranar turawa, tun da ranar ce acaɓa ke yawa. Su zo su ba mai cajin waya kwamfutocinsu, su shiga cefane, su yi azahar, sannan su jeru a benci ɗaya kusa da eriyar sabis su danna turawa tare. Rumbun kuwa haɗi ashirin kawai yake karɓa a lokaci guda. In abu ya ɗan yi nauyi sai kowa ya sake dannawa, ya ƙara dannawa, kowace dannawa ta buɗe sabon haɗi, na baya kuma bai rufe ba. Salamatu hanyarta ta fi ta kowa taɓo, ita ke isowa ƙarshe. Kafin ta zauna an cike ko'ina. Ta yi ta dannawa har la'asar, ta ga 'yar da'irar nan ta kan allo tana juyawa ta ɗauka ya tafi, ta tari acaɓan ƙarshe ta koma gida.

Wanda ya tsara wannan ɓangare na rumbun, ya manta bai sa haɗin da aka bari ya riƙa rufe kansa ba, ni ne. Na gwada shi ne da safiyar wata rana a ofis, ni kaɗai, ina shan shayi.

Da ya dawo ƙafar wandonsa duk caɓi, na yi sauri na ce mafita ita ce a raba wa ma'aikatan ranaku, a hana su taruwa. Ya girgiza kai.

"Injiniya, ba za ka hana mutum cin kasuwarsa ba," in ji shi. "Na'urar ce za ta koyi ranar kasuwa."

Ya sa haɗin da aka daina amfani da shi ya riƙa rufewa. Ya yi wa bayanan layi, wanda ya zo ya jira na gabansa. Ya cire da'irar mai juyawa ya sa rubutu da Hausa, an karɓa ko ba a karɓa ba. Ranar kasuwar da ta biyo, aikin Salamatu na mako biyar ya shigo gaba ɗaya, sunaye ɗari biyu da goma sha huɗu, har da haihuwa tara da ta karɓa. Hajiya Jumai ta yaga takardata a gabana.

To, ga inda ban yi kyau ba. A taron Kano na fara bayani da cewa "mun gano", kafin in kai tsakiya ya koma "na lura". Aka tafa mini, na ji daɗin tafin. Bayan mako biyu Salamatu ta zo ofis da ƙwarya cike da ƙwan zabi tana neman wanda ya cece ta. Maigadi ya nuno mata ni, ai ni ne shugaba. Ta rusuna ta ajiye ƙwaryar.

"Injiniya, har da turo mutum ya duba ni a kasuwa. Allah ya rufa maka asiri yadda ka rufa mini."

Na ce amin. Malam Sagiru yana zaune taku uku daga wurin. Ya juyo suka gaisa, ya tambaye ta ko an gyara kwalbatin hanyarsu, ya koma kan rajistarsa. Da ta fita kunya ta sa na tura masa ƙwaryar na ce ya ɗiba. Ya yi murmushi ya ce, "Kai wa yara, Injiniya. Ai kai aka kawo wa." Na kai, muka soya, muka cinye.

Yanzu ga shi ƙarshen watan nan zai ajiye aiki. Idon ya gaji da ƙananan layukan nan, likita ya ce ya huta, zai koma gonarsa a Kibiya.

Malam Sagiru, kai ne wanda in na'ura ta ce mutum ya yi ƙarya, kake cewa bari mu je mu ga mutumin. Kai ne mai haƙurin karanta abin da kowa ke tsallakewa. Na yi ƙyashinka shekara goma sha ɗaya, kuma har yanzu da nake wannan rubutu bai gama sakina ba. Da can na ɗauka saninka nake ƙyashi. Ba shi ba ne, sani ana koyonsa. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne yadda aka ɗauke sunanka daga kan aikinka a gaban idonka, ka ci gaba da shan kununka. Ni da za a yi mini haka, sai duk Rano ta ji.

Ku da kuke wannan sana'a, ko wata mai kama da ita, ga abin da zan roƙe ku. Kafin ku rubuta sunan wani a takardar laifi saboda abin da allo ya nuna muku, ku yi irin ta mutumin nan. Ku dubi rana, ku dubi lokaci, ku hau babur ku je ku ga yadda mutanen ke aiki.

Shekaranjiya ni ma na hau nawa na tafi Zinyau, karo na farko tun da na fara aikin nan. Na sami Salamatu tana awon jarirai a baranda. Na jira ta gama, na gaya mata cewa ba ni na tura kowa kasuwa ba, mutumin da ta gani shi ya kai kansa, shi ya gano, shi ya gyara. Ta shiga naɗe igiyar sikeli. Can ta ɗago ta tambaye ni, to wa ya rubuta takardar korarta.

Na ce ni ne.

Ba ta yi faɗa ba, da ma ta yi. Ta ce zabinta sun fara saka, ranar kasuwa mai zuwa in ta gama turawa za ta wuce Kibiya da wata ƙwaryar. Na ce zan raka ta in nuna mata gidan. Ta ce in bar shi, za ta tambaya a hanya.

Mun gode, Malam Sagiru. In ta iso ka karɓa, kada ka ce a kai wa kowa. Naka ne tun bara.