Ranar da Kumbon Malam Ya Isa

Auta 'yar mai gyaran rediyo ce. Tun tana ƙarama take ɓalle maganaɗisun tsofaffin lasifika, tana jan ƙusoshi da shi a ƙarƙashin teburin babanta. Wasa-wasa har ya kai ta cibiyar binciken sararin samaniya, hannun wani dattijo da kowa ke ce wa Malam.

Malam ne ya ƙera na'urar da aka ɗaura wa wani kumbo, don ta auno ƙarfin maganaɗisun wata ƙatuwar duniya can nesa da rana. Har furfura ya yi yana jiran kumbon ya isa. Ana saura kaɗan, ɓarin jikinsa ya shanye. Aka ce Auta ta hau kujerarsa.

Murna ce ta fara zo mata, kafin tausayi. Ba wanda ya gani, amma ita ta sani. Kunyar abin ta hana ta zuwa gaishe shi. Kullum sai ta ce gobe.

Da kumbon ya isa, awon ya nuna maganaɗisun a karkace yake, kamar yadda ta daɗe tana musu da Malam. Aka yi ta tafa mata, ita kuwa bakinta ɗaci. Ana tashi daga aiki ta nufi gidansa.

Matarsa ta buɗe ƙofa. "Ashe kina gari, 'yar nan?"

Auta ta sunkuyar da kai. Malam na kishingiɗe kusa da taga, magana na fita da ƙyar.

"Na'urar ta yi aiki?"

"Lafiya lau, Malam. Ko gezau ba ta yi ba."

"Wa ya ci musun?"

Ta so ta yi masa ƙarya, ta kasa. "A karkace yake."

Ya yi dariya da rabin baki. "Ja'ira! Nawa ne karkacewar?"

Ta gaya masa. Ya rufe ido yana lissafi, hawaye na bin kuncinsa. Ta buɗe baki za ta nemi gafara, ya ɗaga hannunsa mai lafiya.

"Bar surutu. Sauran awon fa?"

Tun daga ranar, duk abin da kumbon ya aiko, shi take fara kai wa, su yi ta gardama har shayin ya huce a gabansu.