Buhun Gero Zuwa Ingal da Hulata a Kan Jar Fitila

Sharar gareji na yi ina saurayi, amma duk unguwarmu na ce musu gyaran mota na koya. A shekarar fari da yunwa, bayan soja sun karɓi mulki, bakina ya ja mini.

Agadas

Bayan sallar asuba muka tashi a tsohuwar motar Illo direba. Ina ɗauke da buhun gero zan kai wa ɗiyata Hadiza a Ingal, domin ta aiko cewa dusa yaranta suke ci.

Shingen soja

A bakin gari soja suka tsayar da mu, suka shiga da Illo bukka bincikar takardu. Zama ya ishe ni. Na buɗe gaban mota, na zare delko, wanda ke raba wa mota wuta, na hure masa yashi, na mayar. Bai zauna daidai ba, na ɗaure shi haka nan. Ban san gindinsa ne ke juya pompon da ke hawar da man inji sama ba.

Hanya

Mota ta tashi lafiya. Jar fitilar mai ta kama.

"Baba, ka ga wannan?" in ji Illo.

"Maƙaryaciya ce. Mu a gareji ba ma kula ta."

Na kifa hulata a kanta. Muka wuce gawarwakin shanu har hantsi. Wata tsohuwa a baya ta ce, "Ɗana, motarka tana daka, kuma turmin babu komai."

Ba ta rufe baki ba motar ta tsaya cik. Illo ya zare delko, ya leƙa ramin, ya ga harshen gindin delkon bai shiga tsagar pompon ba. Mai cike a ƙasa, ko ɗigo bai hau sama ba. Bai dube ni ba.

Ingal

Wani Buzu ya ɗora buhun a raƙuminsa, ni na bi a ƙasa. Washegari muka isa. Hadiza ta ɗora tukunya kafin ta gaishe ni.

Gida

Babbar motar gishiri ta jawo mu Agadas, ni da Illo da gawar motarsa. Na gode wa Allah, na gode wa Buzun. A ƙofar gida Illo ya miƙo mini hulata, ya ce, "Baba, a garejin nan, wane aiki ne naka?"