Ranar da Yaya Ta Kira Sunan 'Yar Farinta

Ni dai Allah Ya ba ni murya. Idan na yi cinikin albasa a kasuwar Bodija, mutanen unguwar Mokola can nesa su ne ke cewa na yi tsada. To ranar da na tsaya bayan 'yar yayata na rafka mata kira, kajin gidan suka watse ita kuwa ko gezau, ranar na san lamarin ya wuce taurin kai.

Shekararta tara a lokacin. Ciwon na gado ne, daga wajen ubanta: wani ƙari ne ke fitowa a jijiyar kunne, ya yi ta danne ta a hankali har ji ya tafi. Shi ma uban haka ciwon ya yi masa kafin ya rasu. Mu a unguwarmu ta Sabo mun gwada man zaitun, mun gwada hayaƙi, har wata tsohuwa ta ce a ɗiga mata ruwan albasa. Albasata ce aka yi amfani da ita, saboda haka ba zan zage ta ba.

Daga ƙarshe muka tafi babban asibiti, ni ne tafinta tunda Yaya ba ta jin Yarbanci sai na ciniki. Likitar, wata Bayarabiya mai tabarau kamar faifai, ta ce kunnen hagu ya riga ya tafi, na dama akwai saura. Ta fito da wata 'yar na'ura kamar kwalin ashana, da waya da abin toshewa a kunne. Ta ce idan jijiyar na ɗaukar magana, yarinya za ta tafi gida da ita. Idan ba ta ɗauka, sai haƙuri.

Aka saka mata, aka juya ta tana fuskantar bango. Na gyara murya zan fara, likita ta ɗaga hannu.

"Kai ban da kai. Kai ko bango ka kira zai amsa. Oya, bismillah, Mama, kira sunanta, a hankali."

Na fassara. Yaya ta dube ni kamar na ce ta yi rawa a kasuwa. Yarinyar 'yar farinta ce, kuma tun da ta haife ta ba ta taɓa furta sunanta ba saboda kunya.

Ta ja mayafi ta ce, "Ke."

Shiru.

"Ke yarinyar nan."

Yarinya na kallon bango. Likita ta ɗauki biro ta fara rubutu.

"Sunanta ke nan?" in ji likita.

Na ce a'a, na shiga yi mata bayani da Yarbanci da Turancina na Bodija. Ta cire tabarau ta ce, "Ita ta haife ta kuwa?"

Na juya. "Yaya, don Allah faɗi sunan nan."

"A gaban mutane? Kai ba ka da kunya, ni ma sai in rasa?"

"Wane mutane? Likita ce da ni da kalanda!"

"To kai ka faɗa mana."

"An ce muryata ta yi wa asibitin yawa. Yaya, ga ta can tana rubutawa. Idan ta rufe takardar nan, za a cire abin nan daga kunnenta mu koma gida yadda muka zo."

Yaya ta kalli ƙeyar yarinyar. Sannan ta rufe rabin fuskarta da mayafi, ta faɗi sunan, can ƙasa-ƙasa kamar mai tambayar farashi a gidan makoki.

Yarinya ta waiwayo da sauri har wayar ta kusa ficewa.

"Inna, ke ce?"

Likita ta ajiye biro ta tafa. Ni kuwa na yi kabbarar da, wallahi, sai da wani mai filasta a ɗakin gaba ya miƙe tsaye.

Na ce, "Ke, ashe kina ji? Me ya hana ki juyowa tun ɗazu?"

"Kawu, na ji 'ke' ɗin tun farko. Ai duk sanda Inna ta ce 'ke', wanke tandar waina ne."

Sai ta taɓa na'urar, ta marairaice. "Inna, sake faɗa. Bai fita sosai ba."

Yaya ta goge ido da bakin mayafi, ta miƙe.

"Ke, tashi mu tafi. Batir zai ƙare."