Tukunyar Inna a Ɗakin Dillaliya

A shekarun fari da yunwar nan a Sabon Birni muke zaune, maigidana yana koyarwa a makarantar firamare. Gidan haya ne, katanga ɗaya ta raba mu da wata ma'aikaciyar asibiti, Kirista, mutuniyar ƙasar Zuru. Kowa Sista yake ce mata, ita kuma tana ce mini matar Malam. Ta girme ni sosai. Mijinta ya rasu, 'ya'yanta suna can wurin danginta suna karatu. Ita ta karɓi haihuwata ta fari, wadda ta zo da gardama har aka fara cire rai da ni. Tun daga lokacin ban ƙara kallonta a matsayin maƙwabciya kawai ba. Kowace Kirsimeti sai ta miƙo mana shinkafa da miyar kaza ta kan katanga, mu kuma in Babbar Sallah ta zo, cinyar rago tata ce.

A shekarar da nake faɗa, gero ya tsiro ya kai gwiwa, sai ruwa ya ɗauke. Aka yi ta roƙon ruwa, hadari ya haɗu da yamma ya watse. Da kaka ta zo, wasu ko kara ba su samu ba. Mata suka fara shigowa gari daga ƙauyuka da yara a goye, nono ya ƙafe, yaran ba su da ƙarfin kuka. Asibitin ya samu ɗan garin masara da madarar gari na agaji, amma ba a tanadi wanda zai dafa ba, kuma ba a tanadi abin dafawa ba. Sista ta ɗauko tukunyarta ta gida, ta kafa murhu ƙarƙashin bishiyar da ke bayan ɗakin haihuwa, tana dama musu kunu. Tukunyar ƙarama ce, sai ta ɗora ta sauke, ta sake ɗorawa, matan suna zaune suna jira. Ba a daɗe ba gindinta ya ɓule. Ta kai wa maƙeri ya liƙe, ta sake ɓulewa. Wata rana na ji ta tana kankare ta a tsakar gida tana magana ita kaɗai, na leƙa, ta ɗago mini ita ina hango hasken rana ta cikin ramin. Ta yi dariya, amma dariyar ba ta kai idonta ba.

Kirsimeti ta matso. Ban taɓa ba ta komai a ranar ba sai godiya, sai na ce wa Malam bana ina son in saya mata kayan girki. Ina da ɗan abin da na tara daga ɗinkin hula. Da farko risho na yi niyya, don na ga yadda hayaƙi ke cin idonta. Malam ya ce kananzir ya yi wuya, zai zama abin ajiya ne kawai. Na ce to falas, ko saitin samira mai furanni irin wanda mata ke jerawa a ɗaki. Ya ce in je in gani da idona, in zaɓi abin da zai amfane ta.

Akwai wata dillaliya a bayan kasuwa, tsohuwa, muna ce mata Gwaggo. Da can ita ke yawo gida-gida da ƙunshin kaya a ka. A wannan shekara ta daina yawo, don kayan sun fi ƙarfin kai. Da na shiga ɗakinta sai na tsaya a bakin ƙofa. Tun daga ƙasa har kusa da rufi kayan girki ne: tukwane a kife kan juna, langa iri-iri, tasoshi, kwanukan sha, tandar waina, madambaci, akusa, har da turame a jere a tsakar gida. Ga risho, ga falas ɗin da nake tunani, ga samira kala-kala. Babu sabo ko ɗaya. Wasu da sauran baƙin hayaƙi a gindinsu.

"Gwaggo, wannan duk daga ina?"

"Ɗiyata, daga ɗakunan mata. Wanga na wata amarya ta Gatawa, ko shekara ba ta yi ba. Waccan tasa ta Gangara ta hito. Sai su kawo su ce in ba su ko mi na ga dama, su sai dawa. Ni ma na gaji da karɓa, wa za ni saida ma? Kowa saidawa shikai."

Na fara dubawa. Duk abin da na ɗaga sai in ga kamar mai shi tana tsaye a bayana. Na ɗauki wata samira, na ga an ɗaura zare ja a marfinta don kada ta ɓace a gidan biki, na mayar. Na ce mata tukunya nake so babba, mai kauri, wadda za ta ɗauki kunun mutane da yawa. Ta ce akwai wata da aka kawo mata daga kasuwar Isa, ta shiga lungu ta jawo ta.

Kafin ta ajiye ta na gane ta. Tukunyar ƙarfe ce irin ta zubi, kunnenta ɗaya ya taɓa karyewa, maƙerin garinmu ya ɗaure shi da wani ƙarfe daban, ya ɗan karkace. Tukunyar Innarmu ce. A cikinta aka yi tuwon sunan kowane ɗa a gidanmu, a cikinta aka yi na aurena. Da Inna ta rasu, aka bar wa yayata, wadda ke aure a Kamarawa ta ƙasar Isa, don ita ce babba, kuma ita ta raine ni. Na san yayata. Za ta sayar da zanen jikinta kafin ta sayar da wannan.

Gwaggo ta ga fuskata ta canza, ta tambaye ni lafiya. Na ce ta Innata ce. Sai ta ce, "Allah Shi kawo muna sauƙi." Ba mu yi ciniki ba. Na ba ta abin da ke hannuna, ta karɓa ba ta duba ba.

Da na kai gida na zauna gabanta na yi kuka. Malam ya dawo ya same ni haka. Na ce masa ba kyauta ce ta dame ni yanzu ba, ina son in je in ga yaya. Ya ce in shirya. Ya auna mini 'yar dawa daga abin da muke ci, na ɗaure a tsumma na sa cikin tukunyar, na bar ɗana wurin Sista, ban gaya mata abin da na saya ba. Ranar kasuwar Isa na shiga mota, daga can na samu masu komawa Kamarawa na bi su.

A hanya gonaki duk a share kamar ba a taɓa shuka su ba. Nan da can gawar saniya, fata ta manne da ƙashi. Garin ya yi shiru, ba ka jin ƙarar daka ko ɗaya, kuma lokacin daka ne. Gidaje da yawa an jingina ƙaya a ƙofa, masu su sun tafi.

Na sami yaya a tsakar gida tana sauya ruwan anza. 'Ya'yan wani itacen daji ne masu ɗaci, sai an jiƙa su kwana da kwanaki ana zubar da ruwan kafin su ciyu. Na san sunansu tun ina yarinya, amma ban taɓa ganin an ci ba. Ta ɗago kai, na ga wuyanta ya zama kamar na tsohuwa. Mijinta ya tafi kudu neman aiki tun da shuka ta ƙone, ba saƙo. Yaranta manya biyu sun tafi daji neman ganye. Ƙaramar, wadda ba ta daɗe da fara tafiya ba, tana zaune a ƙasa, ta daina tafiyar. Na leƙa ɗakinta, babu jere, babu gado, sai tabarma da wata 'yar tukunyar ƙasa.

Ta ga abin da na sauke daga kai. Ta daɗe tana kallo.

"Auta, ina kinka samo ta?"

Na gaya mata. Na ce na kawo mata abinta.

"Mi za ni dafa cikinta?" Ba da faɗa ta faɗa ba. "Ranar da na kai ta Isa, sai da na zagaya kasuwa har rana ta yi tsaka kafin in iya sauke ta. In kin bar ta nan, kasuwa mai zuwa za ni sake ɗaukarta. Kada ki sa ni yin abin nan sau biyu."

Na ce to ta taso mu tafi Sabon Birni gaba ɗaya. Ta ce ɗaki ɗaya gare mu, albashin Malam ba ya zuwa kan lokaci, ta sani. Kuma in mijinta ya dawo ya tarar ba kowa, ina zai nufa? Ta kwance dawar, ta ɗebi kaɗan ta jiƙa, ta ɓoye sauran a ƙarƙashin tabarma. Na gaya mata labarin Sista da kunun asibiti, na ce dama ita na je saya wa tukunya. Ta saurara, ta tambaye ni ko da gaske akwai madara a ciki. Na ce akwai.

"To ki kai mata. Inna ba ta taɓa hana kowa aron tukunyar ga ba." Ta juya ta dubi yarinyar. "Ki tahi min da wagga. Manyan suna iya cin anza, ita cikinta ba ya riƙewa."

Da safe ta goya mini ita da kanta, ta ɗaure zanen ta ƙara ɗaurewa. Yarinyar ba ta yi kuka ba, kuma wannan ya fi damuna. Yaya ba ta rako mu ba, ta koma bakin anzarta ta ba mu baya.

Ranar Kirsimeti ba a miƙo shinkafa ba. Sista ta dawo daga cocinsu, wani ɗan ɗaki da su kaɗan ɗin da ke garin suke taruwa, ta shigo tana ba ni haƙuri wai bana ba ta da abin da za ta ba mu. Na shiga na ɗauko tukunyar, na wanke ta da toka har tana ƙyalli. Na ce, "Sista, barka da Kirsimeti." Ta ƙwanƙwasa gindinta da yatsa ta ji kauri, ta shafa karkataccen kunnen. Na gaya mata ta wace ce da yadda ta zo hannuna. Ta zauna a bakin turmi ta rufe fuska da gyalenta. Da ta buɗe sai ta ce, "Matar Malam, ban taɓa samun kyauta mai nauyin wannan ba." Ko kayan cocin ba ta cire ba, ta ɗauka ta nufi asibiti. A ranar kowace mace ta samu kunu a ɗorawa ɗaya, ba wadda ta jira.

Kullum nakan kai ɗiyar yaya can. Da farko cokali kaɗan take karɓa ta kawar da kai. Sannu a hankali ta fara riƙe kofin da kanta. Wata rana ta dafa gwiwata ta miƙe tsaye, Sista ta yi guɗa irin tasu. Na aika wa yaya da baki ta hannun masu zuwa kasuwa cewa yarinya ta fara tsayawa.

Sai garin agajin ya ƙare. Aka ce wata mota tana tafe daga Sakkwato, aka yi ta jira. Sista ta sayi dawa da albashinta, mu ma muka ba da abin da za mu iya, kunun ya koma ruwa-ruwa, ba madara. Mata kuma ƙaruwa suke. Da zafi ya fara shigowa, ƙyanda ta shiga cikin yaran da ke taruwa bayan asibitin. Ɗana ya kamu ya tashi, don da ƙarfinsa. Ɗiyar yaya ta kamu, ƙurajen suka fito suka koma, tari ya sarƙe ta. Sista ta yi duk abin da ta sani, allurar da ta rage ta yi mata. Wata ranar da hantsi, tana kan cinyata, na ba ta kunu ta haɗiye kaɗan, ta kwantar da kai a hannuna. Ina tsammanin barci ne, sai da Sista ta taɓa wuyanta ta dube ni.

Malam da maƙwabta suka kai ta makwancinta. A makon nan ba ita kaɗai aka kai ba.

Ban aika da saƙo ba, na ce wannan ba maganar da za a ba ɗan kasuwa ba ce, ni za ni je da kaina. Ina shirin tafiya sai ga yaya ta yi sallama. Mijinta ya aiko a ƙarshe, ya samu aikin dako a wani gari can kudu, ya ce su same shi. Ta zo ɗaukar ɗiyarta. Har ta samo mata wata 'yar riga a hanya, tana riƙe da ita a hannu.

Ta dubi tsakar gidan, ta ga ɗana shi kaɗai, ta dube ni. Sista ce ta zagayo, ta durƙusa gabanta ta faɗa mata, ta faɗi ranar da yadda abin ya kasance. Yaya ta yi salati, ta zauna a ƙasa inda take tsaye. Can ta ce, "Auta, ta ci wani abu ranar?"

Na ce ta sha kunu kaɗan.

"To. Alhamdu lillahi."

Ba ta ƙara tambayar komai ba. Na roƙe ta ta kwana biyu, ta ce ta bar manyan a tashar Isa wurin wata mata, kuma mota ba ta jira. Ta ba ɗana rigar, ko da yake ta mace ce. Na raka ta har bakin titi. Da motar ta zo ta riƙe hannuna ta ce in gaida Malam, in yi wa Sista godiya.

Damina ta sake zuwa, aka ari iri aka shuka, ruwa ya sake ɗaukewa. Kafin wata Kirsimetin aka mayar da Sista wani asibiti can wajen garinsu. Yaya ba ta dawo Kamarawa ba, gidansu ya rushe, wani ya haɗa filin da gonarsa. Mun ci gaba da haɗuwa jefi-jefi, a biki ko a rasuwa, har ta tsufa a can kudu. Mukan yi hirar kowa da komai, amma ba ta sake ambaton yarinyar ba, ni ma ban taɓa samun bakin da za ni fara ba.