Matar Ƙashi a Hawa na Takwas

Wata Talata ce cikin Agustan 2003, lokacin da zafi ya dafa Paris har kwalta ta yi laushi, Inna ta miƙo mini gorar ruwan sanyi ta ce, "Rakiya, hau ki dubo tsohuwar da ke samanmu. Kwana biyu ban ji waƙarta ba." Shekarata tara. Muna zaune a hawa na bakwai a La Courneuve da ke bayan garin Paris, Baba ya tafi shagonsa na atamfa a unguwar Château Rouge, Inna kuma tana da tsohon ciki, ƙafafunta sun kumbura, ko matakala ɗaya ba ta iya takawa. Na karɓi gorar na nufi matakala.

Duk yaran benenmu suna tsoron tsohuwar nan, Madam Selvi. 'Yar ƙabilar Tamil ce da yaƙi ya koro daga ƙasarsu, tana zaune ita kaɗai, da zanen toka uku a goshinta. Kowace safiya, ina wanke kwanoni kafin in tafi lakwal, wato makaranta, sai mu ji tana kaɗa wasu ƙananan faranta na tagulla tana waƙa cikin muryar da ke tayar da tsikar jiki. A wajen tsallen igiya 'yan mata sun rantse mini cewa ƙasusuwan mutum take ajiye a ɗakinta. In wasan ɓuya ya kai mu hawanta, numfashi muke riƙewa mu wuce a guje.

Na ƙwanƙwasa, shiru. Na tura, ƙofar ta buɗe, zafi da warin tsohon turare suka bugi fuskata. Can a lungu, kan ɗan tebur mai busassun furanni, na gan ta: mace ta tagulla a zaune, haƙarƙarinta duk a waje, ido a rami, baki a buɗe kamar tana dariya. Kusan in saki fitsari. Sai na ji nishi daga madafa, kuma babu hanyar zuwa can sai ta gaban tebur ɗin. Na rufe ido, ina karanta duk addu'ar da na sani, na wuce ina jiran hannun ƙashi ya cafke zanena. Madam Selvi na kwance a ƙasa, leɓunanta sun tsattsage. Na zuba mata ruwa a kai da baki, na leƙa taga na yi ta kururuwa har Inna ta kira 'yan kwana-kwana, waɗanda a can su ne ke kai ɗaukin gaggawa ga marasa lafiya.

Da ta fito daga asibiti ta sauko yi mana godiya. Cikin Faransancinta mai karyewa ta ba mu labarin matar tagullar: wata baiwar ibada ce a addininsu, kyakkyawa, matar ɗan kasuwa. Mijin ya ga abin al'ajabi a hannunta, ya tsorata ya gudu. Sai ta roƙi Shiva, abin bautarta guda, ya kwashe mata kyau da tsoka don kada kome ya sake raba hankalinta. Ta zauna a wurin ƙona gawa tana yi masa waƙa har ta mutu. "Waƙoƙinta ne kakata ta koya mini," in ji Madam Selvi. "Su kaɗai na fito da su daga ƙasarmu."

Bayan ta tafi Inna ta ce, "Ba hanyarmu ba ce. Kada ki taɓa abin, kada kuma ki raina tsohuwar." Na daɗe ina mafarkin haƙarƙarin nan, amma kullum ni ake aika da ruwa, ina zuwa.

Shekara biyu bayan haka muka koma Rillieux-la-Pape kusa da Lyon, ban sake jin labarinta ba. Yau ina aiki a kantin magani a Lyon, tsofaffi na shigowa su fita, kowa da abin da ya tsere da shi daga ƙasarsa, ni kuwa ina ta sauri. Da na san ba zan sake ganinta ba, da na tambaye ta sunan garinsu.