Gurbi Uku, Gari Uku

Shekarun baya, lokacin ina riƙe da wata 'yar ƙungiyar ƙwallo a Goronyo, na yi wani abu da har yau bai bar raina ba. Ban saba dogon zance ba. Zan faɗa muku yadda ya faru.

Ni mutumin Shinaka ne. Ɓarayin daji suka tashe mu. Ranar da suka shigo na rasa yayana, ni kuma suka bar mini harsashi a cinya, shi ya sa nake ɗingishi. Na kwaso iyalina da matar yayana da ɗansa, muka dawo Goronyo. Na kama sana'ar facin taya a bakin tasha. Ban yi boko ba, allo ma ban yi nisa ba.

Zaman banza ne ya jawo maganar ƙwallo. Yaran da muka gudo da su ba gona, ba makaranta, sai yawo a tasha. Na ga in aka bar su haka, wata rana daji zai kira wasu daga cikinsu. Na samo ƙwallo ɗaya da usur, na ce kowa ya same ni a fili bayan la'asar. Suka fara kirana koci. Kocin da ba ya iya gudu, dokar satar gida ma yaran ne suka koya mini, ni dai hura usur na iya.

Ina da wani aboki, malamin firamare a Wurno, shi ma yana da yaransa. Akwai wasu kuma a Rabah. Duk wanda ya je gasa Sakkwato shi kaɗai sai a lallasa shi a koro shi gida, don haka muka haɗe muka zama ƙungiya ɗaya. Kowane gari yana atisayensa, in wasa ya taso a haɗu. Kowane gari kuma yana da dattijonsa, uban ƙungiya, mai ba da mota da ruwan sha da raba faɗa.

Abokina yana da ƙane da ke aikin jinya a Turai, a wani gari mai babban kulob na ƙwallo. Shi ya yi ta sintiri wurin masu kula da yaran kulob ɗin, yana nuna musu hotunanmu, har suka yarda su riƙe mu. Da abokina ya faɗa mini, cewa na yi in na gani a ƙasa na yarda. Sai ga kwalaye sun iso: ƙwallaye, takalma, riguna, ragar gola.

Amma ba kayan ne abin ba. Duk mako wani kocinsu, dattijo mai furfura, yakan turo bidiyon atisaye a waya, abokina ya fassara mana. A wurinsu na san cewa in yaro ya yi targaɗe ba a ja ƙafar da ƙarfi, ruwan sanyi ake sa mata a bar ta ta huta. Da, ni da kaina nake ja, yaro na ihu ina ce masa ya yi namiji. Su suka ce ƙanana su daina wasa a babban fili da ƙarti. Su suka kafa sharaɗin cewa yaron da ba ya zuwa makaranta ba shi da riga. Yaran da iyayensu suka gaza turawa aji, riga ta tura su. Har wani uba da ke zagina a tasha kan na tara yara ya koma zuwa kallo. Mu kuma duk wata mukan ɗauki wasanmu a waya mu aika musu.

A cikin yaran akwai wani ɗan Fulani. Da rani rugarsu takan sauko kusa da dam ɗin Goronyo saboda ruwa, da damina su hau tudu wajen Tursa, ƙasar Rabah. Saboda haka rabin shekara yana atisaye a wurina, rabi a Rabah. Dogo ne, siriri, da hagu yake wasa. Ranar da ya fara zuwa, a gefen fili ya tsaya da sandarsa a kafaɗa. Ƙwallo ta fita ta nufe shi, ya tare ta a sama ya ajiye ta a ƙafar wanda ya bugo. Ban san ƙwallo sosai ba, amma na san wannan ba irin namu ba ne.

Zan faɗi gaskiya, ba na son yaron. Bai yi mini komai ba. Waɗanda suka kashe yayana da Fulatanci na ji suna magana, shi ma da shi yake magana. Iyakar laifinsa ke nan. Baba koci yake kirana. Uwarsa takan aiko shi da kindirmo a ƙwarya, in karɓa in miƙa wa yara, ban taɓa kai shi bakina ba.

Shekara ta uku sai saƙo ya zo. Kulob ɗin zai buɗe sansanin horo na mako biyu a Abuja, masu horarwarsu za su zo da kansu, wanda ya burge su za su tafi da shi can ya yi ƙwallo da karatu. Sun ba mu gurbi uku. Suka ce mu turo ukun da suka fi kowa iyawa, mu muka fi sanin yaranmu.

Aka kira taro a Wurno bayan azahar, a zauren dattijon garin. Abokina ya karanta saƙon ya fassara. Bai rufe baki ba dattijon Rabah ya gyara zama.

"To mi za mu tsaya ja? Gurbi uku, gari uku. Kowa shi kawo nashi."

Dattijon Wurno ya ce daidai ne, ko naman suna haka ake rabonsa, ba a hana wani gida don yaransa ba su da ƙiba. Aka yi dariya. Haka muke komai. Taki in ya zo, rijiya in za a haƙa, kujerar Makka in ta samu, a kan gari ake rabawa don kada zumunci ya ɓaci. Ba wanda ya ga aibu.

Abokina ne kawai ya ƙi dariya.

"Alhaji, ba haka sunka ce ba. Cewa sunka yi waɗanda sunka fi iyawa. Kowa nan ya san wanga ɗan Fulani ya fi su duka."

"To ai naku na, mutanen Goronyo," in ji dattijon Rabah. "Can suke shayar da shanu."

Dattijonmu na Goronyo ya ce, "Tursa ƙasar wa ta? In nono ne naku na, in gurbi ne namu na?"

Suka yi ta jifan juna da yaron, ana raha. Na Wurno ya ce shi dai bai taɓa ganin saniyarsu a fadamarsa ba, kada a sa shi ciki. Yaro ya fi kowa a garuruwa uku, amma ba garin da ya yarda nasa ne.

Sai abokina ya juyo gare ni.

"Koci, gurbin Goronyo hannunka yake. Kai ka san su. Mi ka ce?"

Kalma ɗaya ta isa. Ba wanda zai musa mini, don ni na tara yaran Goronyo da hannuna. Na dubi tabarma na ce, "Ɗan yayana maraya na."

Iyakar abin da na faɗa ke nan. Dattawa suka ce Allah sarki, haka ne, aka yi wa mamaci addu'a, aka shafa. Ɗan yayana ɗan baya ne mai ƙoƙari, ba ya tsoron karo, amma ƙafarsa da nauyi. Na san haka. Abokina bai ce mini ko sai anjima ba, ya hau babur ɗinsa ya tafi.

Ranar tafiya ɗan Fulanin ya zo tasha rakiya. Shi ya ɗaukar wa ɗan yayana jaka ya sa a but ɗin mota. Da mota ta tashi ya ce mini, "Baba koci, in sun dawo sai su koya muna abin da sunka gano." Na ce to.

Mako biyu suka dawo su uku. Ba a ɗauki ko ɗaya ba.

Bayan kwanaki abokina ya zo rumfata da hantsi, ya ce kocin nan mai furfura yana son magana da ni. Ya jingina waya a jikin taya. Ga dattijon, ga ƙanen abokina a gefensa yana fassara. Ya gaishe ni da mutunci, ya yaba tarbiyyar yaran da muka tura. Sannan ya tambayi dogon yaron nan mai hagu. Ya ce shekara biyu suna kallonsa a bidiyonmu. Saboda shi suka buɗe mana gurbin, sauran biyun don kada ya yi tafiya shi kaɗai ne. Ba su kama sunansa ba don kada mu ga sun tsallake mu, kuma ba su zaci akwai mai idon da zai bar shi ba.

Na ce ubansa ne ya hana.

Abokina ya dube ni. Bai tona ni ba. Ƙanensa ya fassara ƙaryata zuwa harshensu. Dattijon ya girgiza kai, ya ce ya fahimta, su ma suna da iyaye masu tsoro. Ya ce a gaya wa uban yaron za su ajiye masa gurbi baɗi, in yana so ma shi da kansa zai yi masa magana. Na ce zan isar. Ban isar ba. Ina zan fara?

Kafin damina ta faɗi, zama ya yi zafi tsakanin 'yan sa-kai da rugagen yankin. Mai laifi da marar laifi, duk wanda ke da shanu ya shiga uku. Wata safiya ina cire ƙusa a taya sai ga wani dattijon Bafulatani ya yi sallama. Uban yaron ne, ban taɓa ganinsa ba sai ranar. Ya kwance wani ƙunshi, ga takalman ƙwallo an goge su, ga riga an wanke an ninke.

"Kayanku na, koci. Za mu tashi, mu yi kudu."

Na ce ya bar wa yaron. Ya ce a'a, ba su tafiya da kayan mutane. Ya ce yaron yana gaishe ni, kunya ta hana shi zuwa sallama. Har ya juya, sai ya tsaya.

"Na ji an kai wasu Abuja. Na yi ta zuba ido ko za a zo a tambaye ni. Da na bar shi. Shanu suna da masu kiwo."

Na tsaya riƙe da takalman har ya ɓace mini.

Da abokina ya ji sun tashi, ya kira ƙanensa ya faɗa masa gaskiya duka, shi kuma ya faɗa wa kulob. Ba su yi faɗa ba. Saƙo ɗaya suka turo, cewa nan gaba su za su riƙa zaɓa daga bidiyo. Dattawanmu suka ce raini ne, baƙo ba zai raba mana abinmu ba. Aka yi ta taro ba matsaya. Ƙanen abokina ya janye jikinsa, ya ce mutuncinsa ya jingina aka ba mu wannan dama, ba zai sake ba. Bidiyon mako ya koma na wata, na wata ya ɗauke. Daga baya muka ji suna aiki da wata ƙungiya a wata jiha. Takalma suka mutu ba madadi. Sharaɗin makaranta ya bi su, don ba rigar da za a hana yaro. Ƙungiyar ta sake rabuwa uku, kowa ya koma ana lallasa shi shi kaɗai.

Ɗan yayana bai ƙara taɓa ƙwallo ba tun dawowarsa. Na ɗauka baƙin cikin rashin ɗauka ne. Sai bara, bayan ya yi aure har da 'ya, muna cirar albasa a gonar da muke haya a bakin dam, na tambaye shi dalili. Bai ɗago ba.

"Baba, tun cikin mota mun sani, mu duka uku. Da munka isa, kocin ya dube mu ɗaya ɗaya, ya dubi wayarsa, ya dubi ƙofa. Mako biyu yana duban ƙofa. Kai ka yi zaɓen, ni na sha kunyar."

Ya ci gaba da cirar albasarsa. Ni ma na ci gaba da tawa.

Yanzu in na ji wata ƙaramar ƙungiya ta samu babban kulob na waje ya riƙe ta, nakan ce su riƙe da kyau. Wasu na cewa Turawa amfanin kansu suke nema. To, su nema. Mu ma mun amfana, na gani da idona. Takalma ana samu a kasuwa. Abin da ba mu da shi a nan shi ne mutumin da zai dubi ƙafar yaro bai tambayi ɗan wane ne ba, ko daga wane gari. Mun samu irinsa, muka mayar da abin rabon gado, ni kuma na sa hannu.

Ni da abokina muna gaisawa, amma ba kamar da ba. Ɗan Fulanin kuwa ban san inda yake ba. Na tambayi masu zuwa kudu da shanu har na gaji. Ina da abin da zan faɗa a kan ɓarayin daji ranar hisabi, na daɗe da tanadinsa. Shi ma yaron yana da abin da zai faɗa a kaina, kuma ban tanadi amsa ba.