Farin Yadi a Akwatin Mma

Ina shagona a Asawase ina cika wa wata mata takardar neman fasfo, sai wayata ta yi ƙara. Ƙanena ne, autanmu da ke Italiya. Ko gaisuwa bai gama ba ya ce ya yanke shawara: zai ɗauki hayar jirgin ruwa na mako guda, irin na masu hali ɗin nan mai tafiya da iska, ya kai Mma, mahaifiyarmu, shan iska a teku. Shi zai tuƙa da kansa. Ni kuma in shirya komai daga nan Kumasi.

Na ce, "Kai Auta, ka sha wani abu ne?"

Ya ce lafiyarsa lau. Shekara da shekaru yana wanke jiragen mutane a tashar ruwa yana gyara musu, har ya samu lasisin tuƙi, me zai hana uwarsa ma ta hau sau ɗaya? Na ce to, Allah ya kyauta, na kashe wayar. Matar da ke gabana ta tambaye ni ko lafiya, na ce ta kawo hotonta mu ci gaba.

Shekara goma sha shida ke nan da shi da yayanmu suka bar Zongo, suka bi ta Agadas zuwa Libiya, suka shiga jirgin roba. Auta ya isa. Yaya bai isa ba. Iyakar abin da muka sani ke nan, don Auta bai ƙara kalma ɗaya a kai ba, Mma kuma ba ta tambaya ba. Ranar da labarin ya iso, mata suka cika ƙofar gida da mayafansu, ta fito ta ce duk wadda ta ce mata "ya haƙuri" ta koma inda ta fito, ita ba ta ga gawa ba. Ba a yi sadakar uku ba, ba a yi ta bakwai ba, balle ta arba'in. Yaya tela ne, keken ɗinkinsa yana nan a ɗakinta, duk Juma'a tana zuba masa mai.

Sau biyu Auta ya zo gida a matsayin boga, yadda muke kiran wanda ya dawo daga Turai, da manyan jakunkuna da turare. Tsakaninsa da Mma sai "sannu da zuwa" da "ka ci abinci?" Shi yana ganin ta riƙe shi a zuciya don ya tsira ya bar ɗan'uwansa. Ni kuwa abin da ke cin raina shi ne Mma ta haura saba'in. In ta tafi a haka, Yaya ya tafi ba sadaka, Auta kuma ya zauna da nauyin nan har ƙarshen ransa.

Da na koma gida na same ta tana tsintar wake a tire. Na faɗa mata yadda Auta ya faɗa, ina jiran ta zage mu mu biyu. Ba ta ɗago kai ba, ta ce, "Yaushe?"

Shi ke nan fa. Matar da ko gadar Aboabo ba ta son haurawa in an yi ruwan sama. Na san dai da walakin goro a miya.

Daga nan aiki ya faɗo kaina. Kamfanin hayar ya turo takardu, Auta ya turo mini. Suna son sunan duk wanda zai kwana a jirgin da hoton fasfonsa. Mu shida ne: Mma, ni, Auta, matarsa, da 'ya'yansu biyu. Ɗakin kwana uku, kowanne bai fi rumfar mai sayar da katin waya ba. Ba a hawa da takalmi mai baƙin ƙasa, wai yana ɓata musu dabe. Ruwan sha da na wanka a tanki yake, in ya ƙare sai an shiga tasha. Na ce wa Auta ya lissafa da alwalar Mma, don ita buta ɗaya ba ta isar ta. Ya ce ruwan teku ma ana alwala da shi. Na ce shi ya faɗa mata da bakinsa.

Sai maganar alƙibla. Ya ce in jirgi ya tsaya, iska tana juya shi a hankali, kana iya ta da salla kana kallon gabas ka sallame kana kallon arewa. Mma ta aika aka tambayo mata limamin unguwa, ya ce ta fuskanci alƙibla lokacin kabbara, in jirgi ya juya ta juya in za ta iya, in ba ta iya ba Allah ya ga niyya. Ta ce madalla.

Abinci kuwa, kamfanin ya turo jerin abin da za su iya zuba mana: taliya, cuku, zaitun. Mma ta ce ba za ta yi mako guda tana cin igiya ba. Na sayo garin tuwo da kuka da daddawa da busasshiyar kuɓewa a kasuwar Kejetia, na soya shito, miyar barkonon nan tamu, kwalba biyu. Kafin mako ya zagayo duk layinmu sun ji, kuma a Zongo ba a tafiya Turai hannu sake. Wannan ta kawo yaji a kai wa ɗanta a Jamus, waccan ta kawo atamfa ta 'yarta a Sifen. Na gaji da cewa ba can za mu ba. Wata tsohuwa daga Buokrom ta ce ai duk Turai ce, in mun zo wucewa mu miƙa.

Tsorona ɗaya, kada mu kai tsohuwa tsakiyar ruwa jiri ya kwashe ta. Don haka wata Asabar muka hau torotoro, motar hayarmu, zuwa tafkin Bosomtwe, na biya mai kwalekwalen inji ya zaga da mu. Ba mu yi nisa ba cikina ya juya, na amayar da kokon da na sha da safe, kunya kamar in nutse. Mma tana zaune ƙyam da carbinta. Ta tambayi mai kwalekwalen da Asantanci ko ruwan yana da zurfi, ya ce sosai. Ta miƙa hannu ta tsoma har wuyan hannu, ta daɗe ba ta cire ba. Da muka sauka ta dube ni ta ce, "Ke ce dai za a nema wa magani."

Bayan kwana biyu Auta ya turo taswirar hanya, na buga ta a shago na kawo gida. Tsibirai ne ƙanana a arewacin Sisili, ya ja jan layi daga wannan zuwa wancan, ya rubuta inda za mu kwana kowace rana. Na kira shi ta bidiyo ya yi mata bayani. Ta saurara har ya gama, sannan ta ɗora yatsa a kan shuɗin takardar ta ce, "Ina ne wurin?"

Bai yi kamar bai gane ba. Ya ce yana can kudu, da nisa ƙwarai, kuma kamfanin ya shata iyakar da ba za a wuce da jirginsu ba. Ni na ga yadda ya ja layinsa can sama, nesa da kudu iyakar nisan da takarda ta ba shi.

Mma ta ce, "Ruwan ɗaya ne?"

Ya ce, "Ɗaya ne, Mma."

Ta ce, "To ya isa." Ta miƙo mini wayar ta tashi ta ɗora tukunya.

Abin da ya tona asirin shi ne dokar jaka. A cikin takardun an rubuta cewa ba a shiga jirgin da akwati mai tauri, sai jaka mai naɗuwa, don babu wurin ajiya. Mma kuwa ta riga ta shirya kayanta a akwatin ƙarfenta na aure, ta sa kwaɗo. Na sayo mata jaka, wata safiya da ta fita gaisuwar suna na ɗauko makullin a ƙarƙashin dardumarta don in juye kayan. Zannuwa, hijabai, man zafi, goro a cikin ganye. A can ƙasa sai ga farin yadi sabo fil a naɗe, da kafur, da turare.

Na san tsofaffinmu in za su Makka suna tafiya da likkafaninsu. Nan take raina ya ɓaci, tsoro kuma ya kama ni. Ashe shi ya sa ta amsa da wuri, ta sa a ranta ruwan da ya ci ɗanta ita ma shi zai ci ta. Ban jira ta dawo ba, na tura wa Auta saƙo na ce ya dakatar da kamfanin, tafiyar nan ba da mu ba.

Tana shigowa na tare ta a tsakar gida da yadin a hannuna. Na ce, "Haba Mma! Shan iska aka ce za a kai ki, ba kushewa ba. In ba kya so ki ce ba kya so, wa zai ɗaure ki? Wata uku ina yawo a kan fasfo da biza, ashe ke shirin mutuwa kike yi!"

Ta cire mayafinta ta rataye a igiya. Ta ce, "Wa ya ba ki makullina?"

Na ce ba wannan ba ce maganar.

Ta ce, "Warware shi."

Na riƙe yadin a naɗe ban warware ba.

"Na ce ki warware. Kama can."

Na kama baki ɗaya, ta kama ɗaya, muka ja da baya. Mma gajeriya ce, kanta bai wuce kafaɗata ba. Yadin ya yi ta warwaruwa har bayana ya taɓa randa. Ta ce, "Ke da kike cika wa mutane tsayinsu a takarda, duba da kyau. Ni ce zan shiga wannan?"

Yaya dogo ne, sai ya sunkuya yake shiga ɗakinta. Na zauna a kan turmi.

Ta ce liman ya gaya mata ba dole ba ne, wanda ruwa ya ci addu'a ta ishe shi. Ta ce ta ji, ita ma ba dole take nema ba. Duk wanda ya mutu a Zongo ana yi masa sutura, ko baƙo ne da ba a san danginsa ba, nata ɗan ne kaɗai ya tafi da wandon jins. Mata ba sa bin gawa maƙabartar Tafo, ta sani, amma wannan kabarin ba shi da ƙofa balle a tsayar da ita a waje. Tana faɗa tana naɗe yadin a gwiwar hannunta, muryarta kamar mai lissafa kayan miya.

Wayata ta yi ƙara. Auta ne ta bidiyo, hankalinsa a tashe saboda saƙona. Kafin in yi magana ta karɓe wayar, ta riƙe ta nesa da fuskarta yadda take yi. Ta nuna masa yadin ta ce na yayansa ne, in sun kai inda ruwa ya fi zurfi a cikin iyakar da kamfanin ya shata, ya tsayar mata da jirgi. Ya ce to.

Sai ta ce, "Auta."

"Na'am, Mma."

"Kai ka raka shi, ba wanda ya gaishe ka. Ya haƙuri?"

Ya ɗora hannu a fuska, hoton ya karkata, sai silin ɗakinsa muke gani, muna jin kukansa. Ta bar shi ya yi mai isarsa, ba ta ce ya daina ba. Da ya dawo ya ce, "Da godiya, Mma," ta ce Allah ya jiƙansa, ya ce amin. Karo na farko ke nan da na ji ta yi wa Yaya wannan addu'ar.

Ta ba ni wayar ta ce in aika a jiƙa shinkafar masa, in sayo goro, a sanar a masallaci ranar Juma'a akwai sadaka a gidanmu. Ta ce keken ɗinkin kuma a duba wanda ya gama koyo ba shi da nasa.

Na sake rubuta wa Auta na ce kada ya dakatar da komai. Sannan na juye kayan a sabuwar jakar. Yadin na fara sawa a ƙasa, na ɗora zannuwa a kai, na ajiye kafur ɗin nesa da garin tuwo don kada ya kama wari.